Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Gwamnan Sakkwato kan masu ɗawainiya da nakasassu

Mai girma Gwamna Ahmad Aliyu, assalamu alaikum. Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Shekara 4 ke nan yayata tana jinyar mijinta, tun da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi. Duk bayan awa 2 sai ta juya shi, dare da rana, don kada bayansa ya yi gyambo, kuma ka san zafin Sakkwato a watan Afrilu: sakacin kwana biyu ya isa fata ta saluɓe. Ita ke yi masa wanka, ta kai shi makewayi, ta ba shi kunu cokali-cokali don kada ya ƙware. Ba wanda ya taɓa nuna mata yadda ake ɗaga babban mutum. Yau ita ma bayanta ya riƙe, sana'arta ta ƙuli-ƙuli ta tsaya.

Irinta suna nan birjik a ƙananan hukumomi 23 na jihar nan. Wasu dangi ne, wasu ma'aikata ne da ake ba abin da bai taka kara ya karya ba. Har da ɗan jagoran da ke riƙe wa mahaifinsa makaho sanda, sa'o'insa suna aji.

Tun zamanin Wamakko jiharmu ta fara ba nakasassu alawus na Naira 6,500 a wata, mun yaba. Dokar tarayya ta 2018 da Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ta haramta nuna masu bambanci. Sai dai alawus ba ya juya mara lafiya a kan tabarma, hannun mutum ke yi.

Ranka ya daɗe, roƙona shi ne a yi rajistar waɗannan bayin Allah masu ɗawainiya da nakasassu, ma'aikatan lafiya na kowace mazaɓa su bi su gida su koya masu ɗagawa, juyawa da wanke miki. A sa su cikin waɗanda hukumar zakka da waƙafi ke tallafa wa. Sannan a horar da matasa, mata ga mata, maza ga maza, a biya su albashi, su riƙa karɓar mai jinya ko da yini ɗaya a mako. Yayata rabonta da zuwa gaishe da mahaifiyarmu a Wurno tun ƙaramar Sallah, don ba wanda za ta bar wa shi.

Naka,
Wani ɗan Mabera, Sakkwato