Deewaar ne ya cancanci matsayi na farko a fina-finan Indiya na 1975

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in tofa albarkacin bakina a kan sharhin da kuka buga a shafin nishaɗi game da fitattun fina-finan Indiya na shekarar 1975. Na yarda da marubucin cewa da wuya a sami shekarar da masana'antar fim ta Bombay ta yi albarka irin wannan, amma na saɓa masa a kan yadda ya jera fina-finan, domin ya ɗora Sholay a sama da hujjar kuɗin da ya tara da daɗewar da ya yi a gidajen silima, sannan ya ambaci Deewaar a taƙaice kamar wani ɗan rakiya. A ganina Deewaar ne fim mafi inganci da aka yi a wannan shekara.

Yabon gwani ya zama dole, saboda haka zan fara da ba Sholay haƙƙinsa. Daraktansa Ramesh Sippy ya shafe kimanin shekara biyu da rabi yana aikinsa, mafi yawa a cikin duwatsun Ramanagara da ke kusa da Bangalore, aka fito da shi ranar 15 ga Agusta, wato ranar bikin samun 'yancin kan Indiya, kuma a makonnin farko masu sharhi sun yi masa ca har aka fara raɗe-raɗin cewa asara ce. Daga baya labari ya sha bamban, domin ya yi fiye da shekara biyar ana nuna shi a silimar Minerva ta Bombay, aka riƙa sayar da faya-fayan maganganun 'yan wasan kamar yadda ake sayar da na waƙoƙi, kuma Amjad Khan, wanda kusan ba a san shi ba kafin nan, ya zama bos ɗin da ake auna sauran bosawa da shi. Akwai wuri ɗaya a cikin fim ɗin da har yau yake taɓa mini zuciya, wato lokacin da doki ya shigo ƙauyen Ramgarh ɗauke da gawar ɗan limamin garin, makahon dattijon da A. K. Hangal ya fito a matsayinsa. Jama'a suka yi cirko-cirko, aka rasa mai iya gaya masa, ya fito yana tambayar dalilin shirun da ya ji, kuma bayan ya gane abin da ya faru, shi da aka yi wa rashi ne ya tsawatar wa mutanen da tsoro ya sa suke neman miƙa wuya ga 'yan fashi, sannan ya juya ya nufi masallaci. Wanda ya iya tsara wannan ba ƙaramin darakta ba ne.

To sai dai ginshiƙin labarin Sholay na aro ne. Batun ƙauyen da ya ɗauko mayaƙa daga waje domin su kare shi daga 'yan fashi, Akira Kurosawa ya riga ya yi shi a Japan a Seven Samurai a 1954, Amurkawa suka maimaita shi a 1960, kuma salon duwatsu da dawakai da dogon shiru kafin harbi na Sergio Leone ne ɗan Italiya. A Indiyar ma Dharmendra ya fito a wani fim mai kama da shi a 1971, Mera Gaon Mera Desh. Aro ba laifi ba ne, kuma Sippy ya ƙawata abin da ya aro, amma sakamakonsa shi ne Ramgarh ba ta cikin kowace jiha kuma ba ta cikin kowane zamani. Gabbar Singh, shugaban 'yan fashin da Amjad Khan ya fito a matsayinsa, mugu ne kawai, ba a gaya mana abin da ya mai da shi haka ba, kuma mai kallo ba ya taɓa shiga ruɗani game da ɓangaren da zai mara wa baya. Ga kuma barkwancin shugaban gidan yari da na mai sayar da katako, waɗanda suke da daɗin kallo, amma ana iya zare su gaba ɗaya labarin bai girgiza ba.

Deewaar, wanda Yash Chopra ya ba da umarni aka fito da shi a watan Janairu, ya tsiro ne daga halin da Indiya take ciki a lokacin. Tashin farashin mai na 1973 ya jefa ƙasar cikin tsadar rayuwa, ma'aikatan jiragen ƙasa sun yi gagarumin yajin aiki a watan Mayun 1974 wanda gwamnati ta murƙushe da kame, matasa masu takardun makaranta suna yawo babu aiki, kuma fasa-ƙwaurin zinariya ta tashar jiragen ruwan Bombay ya mai da wasu 'yan dako attajirai, irin su Haji Mastan, wanda aka daɗe ana danganta rayuwarsa da ta jarumin fim ɗin. Marubutan da suka rubuta Sholay, wato Salim Khan da Javed Akhtar, su ne suka rubuta wannan ma, saboda haka ba batun fifita wasu marubuta a kan wasu nake yi ba. Abin da nake cewa shi ne a Deewaar ne suka rubuta abin da suke gani da idanunsu a titunan garinsu.

Labarin ya fara da shugaban ƙungiyar ƙwadago wanda aka tilasta masa sa hannu a kan yarjejeniyar da ta sayar da haƙƙin ma'aikata, bayan an yi garkuwa da matarsa da 'ya'yansa biyu. Kunya ta sa ya bar gari, fusatattun ma'aikata kuma suka kama babban ɗansa, Vijay, suka yi masa zanen da ba ya goguwa a hannu, mai cewa ubansa ɓarawo ne. Uwar ta kwashi yaran zuwa Bombay, suna kwana a ƙarƙashin gada, tana dakon bulo a wurin gini, Vijay kuma yana wankin takalma domin ƙanensa Ravi ya sami zuwa makaranta. A nan ne aka nuna wani ɗan ƙaramin abu da ya bayyana halin yaron baki ɗaya: abokin tafiyar wani attajiri ya jefa masa kuɗin aikinsa a ƙasa, shi kuwa ya ƙi durƙusawa ya ɗauka, ya nemi a miƙa masa a hannu. Bayan shekaru, lokacin da wannan attajirin ya ɗauke shi aikin fasa-ƙwauri ya cilla masa damin kuɗi a kan tebur, sai ya tuna masa cewa har yanzu bai sauya ba. Haka aka gina fim ɗin daga farko har ƙarshe, duk abin da aka shuka a rabin farko sai an girbe shi a na biyu, tun daga zanen hannun, da gadar, da lambar aikinsa ta dako mai 786, har zuwa dogon benen da uwarsa ta yi wa dakon bulo, wanda ya saya da tsada domin ya ba ta kyauta, ita kuma ta ƙi zama a cikin dukiyar da ta san asalinta.

Abin da ya fi ɗaga darajar fim ɗin a wurina shi ne bai sauƙaƙa wa mai kallo hukunci ba. Ravi, wanda Shashi Kapoor ya fito a matsayinsa, ya zama ɗan sanda mai gaskiya, amma da kuɗin wankin takalman yayansa ya yi karatun da ya kai shi ga wannan kaki, kuma fim ɗin bai bari mu manta da haka ba. An nuna shi ya harbi wani yaro da ya gani yana gudu, sai daga baya ya tarar burodi kawai yaron ya sata domin iyalinsu na fama da yunwa, kuma da ya je gidansu da abinci yana neman gafara, mahaifin yaron, tsohon malamin makaranta, ya ƙi ɗora masa laifi. Wannan ne ya sa ya karɓi takardun binciken ɗan'uwansa da ya ƙi karɓa da farko. Saboda haka lokacin da 'yan'uwan biyu suka haɗu a ƙarƙashin gadar da suka taso, babban yana lissafa gidaje da motoci da kuɗin da ya mallaka, ƙaramin kuma ya amsa masa da cewa uwarsu tana tare da shi, mai kallo ya san kowannensu yana da gaskiyarsa, ya kuma san cewa uwar, wadda Nirupa Roy ta fito a matsayinta, ta fi son ɗan da ta guje wa. Amitabh Bachchan, wanda ya fito a matsayin Vijay, bai rera waƙa ko ɗaya ba a cikin fim ɗin, abin da ba a saba gani ba ga jarumin wancan zamani, kuma yawancin aikinsa da ido da shiru ya yi shi. Ban ce fim ɗin ba shi da rauni ba, domin waƙoƙin da aka ba Shashi Kapoor da Neetu Singh suna tsinka zaren labarin, amma raunin bai kai ga ginshiƙi ba.

Alƙalan lokacin ma haka suka gani. A bikin kyaututtukan mujallar Filmfare na 1976, Deewaar ne ya lashe kyautar fim mafi kyau, da ta darakta, da ta labari, da ta tsarin labari, da ta maganganu, yayin da Sholay ya tashi da kyauta ɗaya tak, ta tace hoto. Gaskiya ne cewa a 2005 wannan mujalla ta karrama Sholay a matsayin gwarzon fim na shekaru 50, amma a fahimtata wannan karramawa ce ga farin jini da tasiri, abin da ban taɓa musu a kansa ba. Idan kuwa kuɗin tikiti ne ma'auni, to dole marubucinku ya ajiye Jai Santoshi Maa kusa da Sholay, domin wannan ƙaramin fim na addinin Hindu, wanda aka yi da kuɗi kaɗan ba tare da manyan jarumai ba, yana cikin waɗanda suka fi kowane ciniki a 1975, har masu kallo suna cire takalma a ƙofar silima suna watsa furanni ga allo. Cinikinsa ya nuna ƙarfin imanin masu kallonsa, bai nuna ingancin aikin ba.

Akwai kuma abin da sharhin ya tsallake wanda bai kamata a tsallake ba, wato dokar ta-ɓacin da gwamnatin Firaminista Indira Gandhi ta kafa ranar 25 ga Yunin 1975, wadda ta ɗore har zuwa Maris na 1977. Aandhi na Gulzar, labarin 'yar siyasar da ta yi kiciɓis da mijinta da suka daɗe da rabuwa a otal ɗin da yake shugabanta ana tsakiyar yaƙin neman zaɓe, an dakatar da nuna shi saboda ana ganin jarumar, Suchitra Sen, ta yi kama da Firaminista, kuma da wannan fim ne Sanjeev Kumar ya ci kyautar gwarzon jarumi ta Filmfare a 1976, duk da cewa ya fito a Sholay ma. Shi kansa Sholay bai tsira ba, domin a ainihin ƙarshensa Thakur, wanda Sanjeev Kumar ya fito a matsayinsa, shi ne yake kashe Gabbar da takalmansa masu ƙusoshi, amma hukumar tace fina-finai ta ƙi amincewa tsohon jami'in 'yan sanda ya ɗauki doka a hannunsa, aka sake ɗaukar wurin, 'yan sanda suka iso a daidai lokaci suka kama shi. Ƙarshen da duniya ta sani shekara da shekaru na hukuma ne. Jerin da ya manta da Aandhi, ya kuma manta da Nishant na Shyam Benegal, wanda ya nuna zaluncin masu gonaki a karkarar Telangana har ya shiga gasar fina-finai ta Cannes a 1976, bai cika jerin 1975 ba. Chupke Chupke na Hrishikesh Mukherjee ma ya cancanci a ambace shi, ko don a ga Dharmendra da Amitabh ɗin nan dai suna barkwanci mai tsabta ba tare da bindiga ba.

Na fahimci dalilin da ya sa Sholay ya fi zama a zukatan mutanenmu. Waɗanda suka yi zamanin silimun Kano irin su Plaza da Orion da El Dorado, inda ake jiran duhu ya yi kafin a kunna majigi saboda yawancinsu ba su da rufi, sun san cewa mafi yawan masu kallo ba sa jin Indiyanci, kuma fim mai dawakai da jirgin ƙasa da waƙar abota a kan babur, ga Dharmendra da ake wa laƙabi da Sarkin Ƙarfi, ba ya buƙatar tafinta. Deewaar kuwa rabin ƙarfinsa a cikin magana yake, saboda haka da yawa daga cikinmu mun kalle shi a matsayin fim ɗin faɗa kawai, muka riƙe wurin da Vijay ya kulle ƙofar sito a kansa da 'yan karɓar kuɗin dole ya jefa wa shugabansu mabuɗin ya ce ya sa a aljihunsa, muka bar sauran ya wuce mu. Yanzu da ake samun fina-finan nan da fassara a rubuce a ƙasan allo, wannan uzuri ya kau. Ina ganin marubutan Kannywood, waɗanda aka daɗe ana zargi da ɗaukar rawa da waƙa kawai daga Indiya, za su ƙaru matuƙa idan suka zauna suka nazarci yadda aka ɗaure wannan labari, domin uwa mai 'ya'ya biyu da talauci ya raba musu hanya ba baƙon labari ba ne a unguwanninmu.

Roƙona gare ka, Malam Edita, shi ne ka ba marubucin naku dama ya sake kallon Deewaar da Aandhi da Nishant tare da fassara, ya rubuto kashi na biyu na sharhinsa, ka kuma buɗe shafin ga sauran masu karatu, musamman dattawan da suka kalli waɗannan fina-finai a lokacin da suka fara isowa ƙasar nan, domin mu ji yadda su za su jera su.

Na gode da wannan fili da ka ba ni.

Naka mai karatu,
daga Fagge, Kano