Masu faci, a duba rim kafin a sa tubles

Assalamu alaikum Malam Edita. Don Allah a bani fili in yi kira ga masu faci akan tsofaffin motoci irin Peugeot 404. Wallahi abun na damuna, wani ya cire tub daga tayar motar babanmu yasa tubles bai ko duba rim ba, kwana 2 iska ta zube. Yawancin rim ɗin da, basu da ɗan tudun nan na ciki dake riƙe bakin taya, in iska tayi ƙasa, wajen shan kwana sai taya ta zame, ga tsatsa kuma. Ramin bawul ma kala biyu ne, wajen milimita 11 da 16, ƙaramin bawul a babban rami yoyo zai yi. In rim bai dace ba a bar mana tub ɗinmu.

Mai karatunku daga Zariya