Rahoton Ayyukan Shekara: Masu Masaukin Baƙi na Zariya da Manoman Inabi na Kudan

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma Shugaba, iyayen ƙungiya, Alhazai da Hajiyoyi, 'yan'uwa masu masaukin baƙi na Birnin Zariya, Tudun Wada, Sabon Gari da Samaru. Ga bayanin abin da kwamitin zartarwa ya gudanar a shekarar da ta ƙare. Lissafin shiga da fita yana hannun Ma'aji, shi zai karanta nasa. Ni kan ayyuka zan tsaya, kuma ina neman afuwa tun da wuri, don kusan duk rahoton zai tafi ne kan aiki guda: kai baƙinmu gonakin inabi na ƙaramar hukumar Kudan.

Kowa a cikinmu ya san irin baƙon da Zariya take samu. Uba ne ya kawo 'yarsa rajista a Jami'ar Ahmadu Bello, ko dangi sun zo jinya Asibitin Koyarwa na Shika, ko malami ya zo taro a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru. Da buƙata ta biya sai ya miƙa makulli, ya kama hanyar Kano ko Kaduna. Jami'ar nan tun 1962 take jawo mana mutane, amma da wuya baƙo ya ƙara kwana ɗaya saboda garin kansa. Laifin kuwa namu ne. Idan ya tambayi yaron da ke kan tebur ina zai je ya ba ido abinci, amsar ba ta wuce fadar Sarki da Dutsen Kufena, shi ma ba wanda zai raka shi.

Shawarar ta fito ne daga wani ɗan'uwanmu da harkar kasuwanci ta kai Afirka ta Kudu. Ya ba mu labarin garin Stellenbosch, kusa da Cape Town, inda masu gonakin inabi suka haɗa kai tun 1971 suka tsara hanyar da baƙo zai bi gona-gona, masu masauki kuma su ne ke shirya mota da lokaci. Can giya ce jigon tafiyar, ita ake zuwa ɗanɗanawa. Za ku tuna yadda zaman ya yi zafi da aka kawo maganar, kuma dattawan da suka ja birki sun yi gaskiya. Matsayar da aka cimma tana nan a rubuce cikin yarjejeniya: babu giya a tafiyarmu, kuma ba ma kai baƙo inda ake haɗa ta. Abin da muka ɗauko tsarin ne kawai, wato mai masauki da manomi su zama abokan ciniki. Baƙonmu 'ya'yan inabi zai ci, a gindin itacensa.

Gaskiya ni kaina ban san girman abin da ke bayan gidanmu ba sai da muka je. Kudan, wadda hedikwatarta ke Hunƙuyi, ta yi suna da noman inabi, ga ta nan arewa da mu, ana zuwa a dawo kafin azahar. Da ka shiga gona sai ka ji iska ta sauya. An kafa turaku an ja waya, rassan sun hau sun yi rumfa, nonon inabi na reto ta ƙasa daidai kan mutum. Wata Hajiya da ta zo daga Legas ta tsaya tana goge farar ƙurar da ke jikin 'ya'yan da gefen mayafinta, tana zaton datti ne. Mai gonar ya ce mata, "Hajiya, ki bar shi, da shi Allah ya halicce shi, shi ne shaidar hannu bai yi yawa a kansa ba." Kwali biyu ta saya. Ta ce ita dai ta saba da wanda ake shigowa da shi daga waje a sayar a manyan kantuna, ba ta taɓa zaton ana noma shi a ƙasar nan ba.

Amma tafiyar farko ba ta yi daɗi ba, kuma dole in faɗa, domin ni na jagorance ta. Na saki baƙi cikin gona ba tare da bayani ba. Kafin a ankara, yara da manya sun tsinko nonon da bai nuna ba, sun ɗanɗana sun ji tsami sun yar. Inabi ba mangwaro ba ne, ba ayaba ba ce. In an cire shi daga jikin uwarsa ba ya ƙara nuna, duk wanda aka tsinka ɗanye ya tafi ke nan. Mai gonar, dattijo ne da ya haife ni, bai ɗaga murya ba. Ya sunkuya yana tsince abin da aka zubar yana sawa a aljihun rigarsa. Wata da watanni yana ban-ruwa, yana korar tsuntsu, mu kuma cikin rabin sa'a muka yi masa wannan ɓarna. Ban yi barcin kirki ba a daren. Washegari ni da Shugaba muka koma, muka ce, "Baba, a yi haƙuri," muka biya abin da aka lalata daga asusun ƙungiya.

Daga wannan rana aka kafa ƙa'idojin da muke bi yanzu. Mai gona ko ɗansa ne kaɗai ke riƙe almakashi, shi ke yanka ya miƙa wa baƙo. Kuɗin shiga gona ana ba manomi hannu da hannu tun kafin a shiga, ko baƙo ya sayi inabi ko bai saya ba. Abin da aka saya a kan sikeli kuma, ciniki ne tsakanin baƙo da mai gona, mai masauki ba ya karɓar la'ada. Na san wasu 'yan'uwa ba su ji daɗin wannan ba, suna ganin mu muka kawo mai saye. Ra'ayina bai canza ba. Ribarmu ita ce kwanan da baƙo ya ƙara da abincin da ya ci a wurinmu. Manomin da ya daɗe yana kuka da dillalai, in ya ga mun zama wasu sababbin dillalan, gobe ba zai buɗe mana ƙofa ba.

Akwai ƙa'ida ɗaya da nake roƙon kada kowa ya yi wasa da ita. Ana yi wa inabi feshin maganin ƙwari da na fumfuna, kuma kowane magani yana da kwanakin da ake jira kafin a ci. Saboda haka ba a ɗaukar baƙo sai an buga wa mai gona waya an ji ranar da ya yi feshi na ƙarshe. An taɓa soke tafiya a kan haka, baƙi sun riga sun shiga mota. Ɗan'uwan da abin ya shafa ya mayar musu da kuɗinsu, ya zaga da su tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, ginin Babban Gwani Muhammadu Durugu. Kwamiti yana yaba masa.

Mun kuma koyi cewa gona ce ke sa rana, ba mu ba. Bayan an yi wa itacen aski, wato an datse rassa don ya yi sabon toho, babu abin gani sai turaku da waya. Da damina ma danshi na kawo cuta, manomi na fama, hanyar gona kuma ta yi laka. Lokacin hunturu zuwa cikin rani ya fi mana kyau, da sassafe, kafin rana ta taɓa 'ya'yan. Don Allah kada wani ya sake buga wa baƙi takardar talla cewa ana zuwa kowane lokaci.

Batun tsaro: ba a fita sai gari ya waye sosai, ana dawowa da rana tsaka, kuma masu unguwanni suna da labarin zuwanmu. Mun gode musu da irin tarbar da suke mana.

Abin da bai yiwu ba shi ne matse ruwan inabi a ba baƙi a masauki. Ba ya jimawa in babu sanyi, wutar lantarki kuma kun san halinta. An jingine shi. Tsadar mai ma ta sa masauki ɗaya ba ya iya ɗaukar nauyin mota shi kaɗai, sai an haɗa baƙin gida biyu ko uku.

Sauran ayyuka a taƙaice: an horar da ma'aikata kan cike rajistar baƙi da amfani da tukunyar kashe gobara, an kuma kai ta'aziyya gidajen 'yan'uwan da suka yi rashi. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya.

A shekara mai kamawa kwamiti na neman amincewarku kan abu biyu: a ɗauki matasa daga ƙauyukan da gonakin suke a koya musu rakiyar baƙi, har da mace aƙalla guda saboda ayarin mata, sannan a yi hayar mota ɗaya ta ƙungiya a lokacin girbi. Duk mai son shiga tsarin ya ba da sunan masaukinsa kafin a tashi taro, domin manoman sun ce sai sun san yawanmu kafin su faɗi gona nawa za su buɗe.

Wassalam.

Sakatare,
a madadin Kwamitin Zartarwa