Yaron da lambobi suka ɓace masa ba daƙiƙi ba ne

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ni malamin lissafi ne, ina neman ɗan fili a shafinku na ilimi.

Kwanan baya na karanta wa wata ɗaliba lambobi shida, na ce ta tara su da ka. Ina kallon leɓenta yana motsi, idonta a sama, tana nanatawa. Wani ya ja kujera a baya, ta waiwaya, sannan ta ce cikin sanyin murya, "Malam, sun gudu." Na tausaya mata, domin na san sau nawa ake yi wa irin waɗannan yara tsawa a kan abin da ba laifinsu ba.

Wurin da ƙwaƙwalwa ke riƙe abu na ɗan lokaci tana aiki da shi ƙanƙane ne ƙwarai. A 1956 masanin halayyar ɗan Adam George Miller ya ƙiyasta cewa wurin yana ɗaukar abu bakwai. A 2001 wani masanin, Nelson Cowan, ya ce ya fi kusa da huɗu. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ake riƙon. Ƙwayoyin jijiya suna kaɗawa tare cikin tsari, kamar kiɗa. Akwai kaɗawa mai nauyi da ake kira "teta", sau 4 zuwa 8 a daƙiƙa, akwai kuma mai sauri, "gama", wadda ta haura sau 30. A 1995 masana biyu, Lisman da Idiart, suka kawo bayanin cewa kowane abu yana hawa kan bugun gama ɗaya, bugun kuma suna jeruwa cikin zagayen teta guda. Gurbin kaɗan ne. Idan sabon abu ya kutso, kamar ƙarar kujerar nan, yana iya ture wani.

A 2019 masu bincike a Jami'ar Boston ta Amurka suka daidaita kaɗawar teta tsakanin gaba da gefen ƙwaƙwalwar dattawa ta hanyar amfani da lantarki mara ƙarfi na minti 25, sai riƙonsu ya kamo na matasa na ɗan lokaci.

Tun daga ranar nake ba ɗalibar lambobi uku-uku, kuma sai aji ya yi tsit kafin in fara. Roƙona, Malam Edita, ku gayyato likitan ƙwaƙwalwa ya yi wa malamai da iyaye bayanin nan dalla-dalla a wannan shafi.

Naku,
Wani malamin lissafi