Malam, ni ke ƙarfafa wa gidanmu gwiwa, ga shi tawa ta yi sanyi

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Malam.

Ina gaishe ka, da fatan kana lafiya kai da iyali da duk masu taya ka aiki a wannan fili. Ni mai sauraronka ne, na kuma ji yadda kake warware wa jama'a matsalolin aure da na gado da na zaman maƙwabtaka. Tawa ba ta cikin waɗannan. Zuciyata ce ta mutu a kan sana'ar da na gada, a daidai lokacin da mutanen gida guda ke duban fuskata don su gane ko da sauran fata. Ina roƙon a sakaya sunana da na garinmu. Ya isa a ce daga ƙasar Argungu nake, a jihar Kebbi.

Ni ne babba a ɗakinmu. Mahaifinmu ya rasu, Allah Ya jiƙansa, ya bar mana fadama a bakin gulbi, ya bar mini Inna da ƙanne maza biyu da suka kai aiki da mata waɗanda ba a aurar ba tukuna. Ina da mata da yara. Da safe ina koyarwa a firamare, amma kowa ya san albashin malamin firamare ba ya ɗaukar gida irin wannan. Shinkafa ce ke riƙe da mu, ta damina da ta rani.

Mun ga alheri a cikinta, ba zan ɓoye ba. Tun da marigayi Shugaba Buhari ya zo nan Kebbi a watan Nuwamban 2015 ya ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa rance ta hannun Babban Bankin Najeriya, fadamunmu suka cika da mutane. Ma'aikaci da ɗan kasuwa da ɗan makaranta, kowa ya nemi ɗan fili. A ƙarshen 2016 aka fara kai shinkafarmu Legas da sunan Lake Rice, masana'antun gyaran shinkafa suka tashi a Argungu da Birnin Kebbi, sannan da aka rufe iyakoki a watan Agustan 2019 sai ga masu saye suna biyo mu har bakin gona. A waɗannan shekarun na yi wa ɗakin Inna rufin kwano, na aurar da ƙanwarmu ta farko, na saya wa mai bi mini babur. Ban taɓa buƙatar wani ya ƙarfafa mini gwiwa ba a lokacin. Asuba na yi, jikina da kansa ke tashi.

A watan Maris na 2020 aka dawo da bikin kamun kifi a gulbin Matan Fada da ke Argungu bayan kusan shekara goma ba a yi ba, gari ya cika, muka ce lallai arziki ya juyo. A watan Satumba sai ruwa ya zo. Rahotanni sun ce kimanin hekta 450,000 na shinkafa ambaliya ta cinye a jihar nan a shekarar. Tamu tana ciki. Da kwalekwale muka je duba gonar, ni da ƙannena biyu. Shinkafar ta riga ta yi ciki, saura kaɗan ta fitar da kai. Muna tuƙi a samanta, ba abin da ake gani sai bakin ganye nan da can yana rawa a ruwa, kuma da itacen da Baba ya dasa a kan iyaka muka gane inda gonarmu ta fara. Ƙaramin ya kifa kai a gwiwa. A nan cikin jirgin na ce musu damina ce ta tafi, rani na nan tafe, kuma Wanda Ya ba mu jiya bai gaza ba. Malam, abin da nake so ka riƙe shi ne, a ranar da gaske nake. Abin da bakina ya faɗa shi ne a zuciyata. Muka ci bashi, muka yi noman rani, Allah Ya rufa mana asiri.

Abin da ya biyo baya ne ya cinye ni a hankali, don bai zo a dare ɗaya kamar ruwa ba. Wanda bai san noman rani ba zai ɗauka ƙarfi kawai yake so. Irin da muke shukawa, Faro 44, yana ɗaukar kusan wata huɗu, kuma tun daga dashe har ta kusa nuna ba ta son ƙasa ta bushe. Ruwan kuwa inji ke jawo shi daga rijiyar burtsatse, inji kuma fetur yake sha. Kafin a cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayun 2023 lita ba ta kai naira 200 ba. Nan take ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Na kai injinmu wurin makaniki ya mayar da shi mai aiki da tukunyar gas, aka ɗan samu sauƙi, sai gas ɗin ma ya tashi. Masu hali sun koma injin sola, mu ba mu kai nan ba. Takin kamfa da yuriya suka bi sahu. Tsuntsayen jan-baki suka sauko mana a wata shekarar, yara suna ihu da gwangwani tun hantsi har faɗuwar rana. Bayan harin da aka kai Mera ta ƙaramar hukumar Augie a watan Nuwamban 2024, kwana a gona don ban-ruwan dare ya zama abin da Inna ba ta yarda a ambata ba. Da muka girbe kuma sai muka tarar farashi ya karye, saboda an sassauta shigo da abinci daga waje. Ban yi baƙin ciki da talaka ya sami shinkafa da sauƙi ba, ni ma mai saye ne a wasu abubuwan. Amma na zauna na yi lissafi, abin da muka zuba da abin da muka kwasa sun kusa zama ɗaya, ban ma sa wahalar jikinmu a ciki ba.

Duk wannan lokacin maganata ɗaya ce a gida: bana za ta fi bara, in Allah Ya yarda. Kwanan baya muna cin tuwon dare na sake faɗa. Mai bi mini ya ajiye cokali, ya ce, “Yaya, wagga magana mun daɗe muna jin ta. Kai kanka ka yarda da ita?” Ba da rashin kunya ya faɗa ba, yaro ne mai ladabi. Na buɗe baki in ba shi amsa, sai na ga babu. Yanzu yana maganar tafiya kudu da babur ɗinsa, ƙaramin kuma abokansa na jan sa zuwa wurin haƙar zinariya, inda kowa ya san irin rayukan da rami ke ci.

Tun daga ranar na fara lura da kaina. Ina kwanciya da wuri, amma tsakar dare idona zai buɗe, in yi ta lissafin buhu da lita da bashi har a kira assalatu. Abinci ba ya yi mini daɗi. A aji ina tsaye gaban allo, yaro zai yi tambaya sai ya maimaita kafin in ji. Hanyar fadama da nake bi da sauri, yanzu sai in tsaya a gindin bishiya ina neman dalilin komawa gida. Maiɗakina ta gane, ta tambaye ni, na ce gajiya ce. Inna ba ta tambaya, sai dai in na shigo gaishe ta takan daɗe tana dubana kafin ta amsa.

Ba zama na yi ba. Akwai gajerun bidiyo da ake turowa a WhatsApp da TikTok na masu ƙarfafa gwiwa, na Hausa da na Turanci, masu cewa ka sa alheri a ranka, ka daina tunanin faɗuwa, abin da ka ƙudurta shi za ka samu. Na saurare su da zuciya ɗaya. Sukan ɗumama ni kamar wutar kara, ta tashi da ƙarfi, kafin ka miƙa hannu ta zama toka. Kuma akwai abin da ke damuna a maganarsu. In tunanin mutum ne ke jawo masa nasara, to ke nan manoman da ruwa ya share a 2020 mugun tunaninsu ne ya jawo musu? Na san mutanen nan, sun fi ni haƙuri da addu'a. Ban yarda da wannan ba.

Na je wurin limaminmu, mutum mai sanyin hali. Ya tuna mini hadisin da Allah Maɗaukaki ke cewa Yana nan inda zaton bawansa yake, da wanda Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce ko alƙiyama za ta tsaya alhali ɗayanku na riƙe da dashen dabino, in ya sami dama ya dasa shi. Wannan na biyun ya taɓa ni ƙwarai, don aikina ke nan, dashe. Na yi imani da su, ban da shakka ko kaɗan. Inda na maƙale shi ne wajen aiki da su. Kyautata zato ga Allah wajibi ne a kaina. Amma shin yana nufin in ce wa ƙannena bana za a ci riba, alhali littafin lissafina yana nuna mini akasin haka? Ina iyakar da ke tsakanin kyakkyawan fata da rufe ido ga gaskiya? Ina tsoron kada in zama mai yi musu ƙarya da sunan tawakkali, ina kuma tsoron in na shimfiɗa musu lissafin yadda yake, in zama ni na yanke musu ƙauna da hannuna.

Akwai wani dattijo da gonarsa ke maƙwabtaka da tamu. Ya fi mu asara nesa ba kusa ba, ɗansa ma ya rasu a shekarar ambaliya. Har yau in lokacin dashe ya yi za ka same shi a sunkuye, ruwa har ƙauri, damin iri a hannun hagu, yana tsoma uku-uku a taɓo da babban yatsa, layinsa a miƙe kamar an ja igiya, yana 'yar waƙarsa ƙasa-ƙasa. Na taɓa tsayawa na tambaye shi, Baba, ina kake samun wannan ƙarfin? Ya ɗago ya ce shi in ya shigo gona ba ya duban rumbu, layin da ke gabansa yake duba. Na gwada. Yana taimaka mini da rana, muddin hannuna na aiki. Amma shi 'ya'yansa sun girma, ni kuwa kuɗin makaranta da kayan ɗakin ƙanne mata suna jirana, dole wani ya dubi rumbu, kuma ni ne wanin.

Na kuma rage zaman majalisa, don tun daga la'asar har isha'i ba a maganar komai sai tsada da wane ya karye da wane ya sayar da gona. In na tashi daga wurin sai in ji jikina ya ƙara nauyi. Yanzu an fara cewa malamin makaranta ya yi girman kai. Waɗannan abokan tasowata ne, su suka tsaya mini ranar jana'izar Baba, ba na son in rasa su. Yaya mutum zai tsare kunnensa ba tare da ya yanke zumunci ba?

Sai abu na ƙarshe, wanda ya fi yi mini nauyin faɗa. Na ji likitoci a rediyo suna bayanin ciwon damuwa, suna lissafa rashin barci da rashin cin abinci da mutuwar sha'awar abin da mutum ya saba so, idan suka daɗe. Na ji kamar da ni suke. Amma a nan wurinmu in ka ce za ka ga likitan ƙwaƙwalwa, abin da za a fara ambata shi ne Kware, wato asibitin ƙwaƙwalwa da ke jihar Sakkwato, kuma ka san abin da mutane ke nufi in sun ambaci asibitin nan, duk da aikin taimako da ake yi a can. Ina da ƙanne mata da za a zo neman aurensu. Shin abin da ke damuna raunin imani ne da zikiri da haƙuri za su gyara, ko rashin lafiya ne da ya kamata in kai asibiti kamar zazzaɓi? In asibiti ne, zan iya farawa da babban asibitin garinmu ba tare da magana ta fita ba?

Malam, ba kuɗi nake nema ba, ba kuma so nake a ce mini komai zai yi daidai, don wannan ni ma na iya faɗarsa. So nake ka nuna mini yadda mutum ke riƙe zuciyarsa a raye alhali yana kallon gaskiya ido da ido, da kuma kalmomin da zan zauna in faɗa wa yaran nan biyu. In barin mai bi mini ya tafi kudu shi ne daidai, ka gaya mini, zan sa masa albarka in roƙi Inna ta sa masa. In rage gonar zuwa abin da za mu ci kawai ba gazawa ba ce, ina so in ji daga bakin wanda ba ɗan gidanmu ba.

Lokacin yafa irin rani ya matso, kuma mai filin da muke haya a gefen namu ya aiko yana son ya san ko za mu karɓa bana ko ya ba wani. Na ce ya ba ni zuwa ƙarshen wata. Don Allah in da hali a karanta wasiƙar nan kafin lokacin. Zan sa ƙannena su zauna mu saurara tare.

Allah Ya saka da alheri, Ya ƙara basira.

Naka mai sauraro,
wani manomi kuma malamin firamare daga ƙasar Argungu, jihar Kebbi.