Godiya ga Baba makanike na garajin hanyar Ɗan Isa, Maraɗi

Assalamu alaikum. Ni direba ne, da tsohuwar Peugeot 504 mai buɗaɗɗen baya nake jigilar gero da aya tsakanin Maraɗi, Tibiri da Gidan Runji. Na ga ya dace in yi godiyar nan a bainar jama'a.

Sau uku cikin wata guda sandar da ke tura bawul (ɗan murfin da ke buɗe wa mai ko hayaƙi hanya a cikin inji), wadda makanikai ke ce wa tij, tana lanƙwashewa. Sai inji ya kama ƙas-ƙas, mota ta yi ta tari, ko hawan kwalta ya gagare ta. Garajin farko, guduma aka sa aka miƙe sandar, ban kwana uku ba ta koma gidan jiya. Na biyu ya sa mini sabuwa, ya ce lodi nake cikawa, ko kallona bai yi ba ya miƙo hannu. Jika nawa na zubar, Allah kaɗai ya sani.

Baba kuwa bai taɓa sifana ba sai da ya zaunar da ni. "Ɗana, da tafiya take yi maka haka, ko da tashin safe?" Na ce da safe. Ya ce ta taɓa daɗewa a ajiye? Wata huɗu na damina, na ce, da man 'yan ruwa-ruwa a cikin tanki. Ya yi murmushi.

Duk da haka bai yanke hukunci ba. Ya zare sandunan takwas ya mirgina su a kan gilashi ɗaya bayan ɗaya. Ya duba sarƙar inji, domin in ta tsallake, piston ne ke dukan bawul, kuma dukan yakan bar tabo. Ya duba ko baƙin mai na hawa saman inji, ko akwai sifirin da ya karye. Duk lafiya. Sai ya danna bawul ɗin shigar mai na silinda ta uku, ya nutse ya ƙi dawowa. Da aka sauke kan inji na gani da idona: tsohon fetur ya daskare a ƙafar bawul kamar ƙaro. In inji ya huce da dare sai ya riƙe shi gam, da safe sanda ta tura, ba hanya, ta tanƙware.

Aka wanke, aka zubar da man tanki, aka daidaita tazarar bawul. Kuɗin ma sai da na ji kunya.

Abin da ke ci mini rai, mota ɗaya ce duk suka buɗe. Yau a garin nan yaro ya yi shekara guda yana miƙa sifana, gobe ya kafa rumfa ya zama maigida, abin da ya karye kaɗai ya iya canjawa. Kai kuma da ka tambayi dalili sai a ɗaure maka fuska.

Baba, Allah ya saka da alheri, ya yi wa yaranka albarka. Sati shida ke nan sanda ba ta sake lanƙwashewa ba, jiya ma buhu goma na kai Tibiri.