Wasiƙa zuwa ga abokan cinikinmu kan rasuwar mahaifinmu

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, muna sanar da ku cikin alhini cewa Allah ya yi wa mahaifinmu rasuwa. Shi ne ya kafa wannan shagon kafinta, kuma da yawa daga cikinku shi kuka sani tun kafin ku san mu. Allah ya jiƙansa, ya kuma saka wa duk wanda ya tako ko ya kira mu domin ta'aziyya.

Mun san akwai waɗanda suka taɓa ƙosawa da jinkirinsa, don haka muke son ku ji dalili. Baba ba ya sa zarto a ɗanyen katako, komai matsin mai aiki. Ya koya mana cewa katako yana tsukewa ta faɗinsa yayin da yake bushewa, tsawonsa kuwa kusan ba ya canzawa, saboda haka ƙofar da aka haɗa da ɗanyen katako sai ta karkace, mahaɗarta ta buɗe baki bayan 'yan watanni. Yakan jera katako a inuwa, ya sa siraran sanduna a tsakani domin iska ta ratsa, yana lissafin kusan shekara guda ga kowane inci na kauri. Bai yarda ƙusa kaɗai ta riƙe kujera ba. Sai ya fafe rami a wannan katakon, ya fere bakin wancan ya shiga daram, sannan ya sa gam. A jikin ƙofa kuma yakan bar ɗan sarari da ido ba ya gani, domin katako yana kumbura da damina, ya koma da rani. A ganinmu, wannan haƙurin ne ya sa teburan da ya haɗa tun muna ƙanana suke tsaye a gidajenku har yau.

Mutumin da kuka sani da fensir a bayan kunne, hannuwa duk kanta, shi ne kuma wanda ba ya bari aiki ya cinye masa daren iyalinsa. Idan lokacin tashi ya yi, yakan share ƙurar katako, ya rufe shago, ya zo ya zauna yana tambayar kowannenmu abin da aka koya masa a makaranta. Da mahaifiyarmu ta yi doguwar jinya, da kansa ya ƙera mata kujera mai jingina daidai bayanta, kuma bai taɓa kwana nesa da ita ba har ta warke. Yaran da suka koyi sana'a a hannunsa ma bai bambanta su da mu ba, kuma babu wanda ya yaye bai haɗa masa kayan aiki ba.

Shagon zai ci gaba da aiki a hannun 'ya'yansa da ma'aikatan da ya horar. Littafin da yake rubuta awo da alkawari yana wurinmu, kuma duk aikin da ya karɓa kafin rasuwarsa za mu kammala shi a kan yadda kuka yi da shi, sai dai muna roƙon ku ƙara mana 'yan kwanaki. Wanda yake binsa bashi, ko kaɗan ne, don Allah ya zo mu biya. Wanda kuma yake da wani abin da Baba ya ƙera da ke neman gyara, ya kawo mana shi.

Naku,
'Ya'yan marigayi da ma'aikatan shago